Muhawara: Da gaske an samo maganin da ke warkar da ciwon daji ko da ya bazu?

Mai Bibiyar Labarai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani saƙo ne yake ta yawo a waya, wai a Amurka an gwada wani magani a kan masu ciwon daji kuma kowa ya warke, ɗari bisa ɗari, ba tiyata, ba gashi (wato ƙona ƙarin da na'ura), ba kemo. To idan haka ne, me ya sa har yanzu ake galabaitar da bayin Allah da kemo, suma na zubewa, ana ta amai? Ɓoye maganin ake yi ko yaya? Masana a cikinmu ku fitar da mu daga duhu.

Sai Na Gani:
Wa alaikumus salam. Malam share kawai. Duk shekara sai an ce an samo maganin daji, shekara ta zagayo ka ji shiru.

Malamin Bayoloji:
A'a Malam Sai Na Gani, wannan karon labarin yana da tushe, masu yaɗa shi ne suka yanke masa kai da ƙafa. A 2022 ne likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York suka fitar da sakamakon. Mutum 12 ne, dukkansu dajin ƙarshen hanji gare su, wato wajen dubura, kuma bai tsallaka zuwa hanta ko huhu ba. An riƙa ba su wani magani mai suna dostarlimab duk bayan mako 3 har tsawon wata 6, aka duba da hoto, aka leƙa da na'ura, ba a ga ƙarin ba a jikin ko ɗaya daga cikinsu. Wannan gaskiya ne.

Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne zaɓo su aka yi. Duk ƙwayar halitta idan za ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadonta, kuma akwai tsarin da ke bin baya yana gyara kurakuran kwafin. A dajin waɗannan mutane wannan tsarin gyaran ya lalace, abin da a takardar gwaji ake rubutawa dMMR ko MSI-H. Saboda haka ƙarin yana tara kurakurai jibgi, har kamanninsa su bambanta sosai da na lafiyayyen jiki, garkuwar jiki ta gane shi da wuri. Irin wannan bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu dajin ƙarshen hanji ba. Sauran ko an ba su wannan magani shi kaɗai, galibi ba ya yi musu komai. Don haka babu ɓoyo a ciki, ana sayar da shi, ana rubuta shi, amma ba na kowa ba ne.

Mai Bibiyar Labarai:
Ikon Allah. To shi maganin yaya yake aiki da har ya bambanta da kemo?

Likitan Zaure:
Bari in sa baki tunda fagena ne. Kemo guba ce ga duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, shi ya sa take taɓa suma da bargo da cikin hanji tare da dajin. Wannan kuwa, imiyunoterafi, ba ya kashe ƙarin da kansa. Da garkuwar jikin mutum yake hulɗa.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su ne masu farautar duk abin da ya zama baƙo a jiki. Amma da za a sake su haka kawai da sun cinye mai su, don haka an halicce su da dabaibayi. Biyu daga cikin waɗannan dabaibayi su ne PD-1 da CTLA-4. Wayon da wasu ƙari ke yi shi ne su fitar da wani sinadari a bayansu mai suna PD-L1, da zarar ƙwayar T ta matso sai ya kama PD-1 ɗinta, ta tsaya cak kamar ba ta ga komai ba. Aikin maganin kawai ya shiga tsakani ya kwance dabaibayin.

Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ne ya gano PD-1 a 1992. James Allison a Amurka ya nuna a kan ɓeraye cewa idan aka toshe CTLA-4 ƙari yana narkewa. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2018. Maganin farko na wannan layi, ipilimumab, a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, waɗanda aka fi sani da Keytruda da Opdivo. Bayansu su atezolizumab da durvalumab suka biyo.

Ita dai dabarar tsohuwa ce. Tun 1891 wani likitan tiyata a New York, William Coley, yake yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta don jiki ya harzuƙa, wasu su samu sauƙi, wasu zazzaɓin ya kusa kai su. Ko allurar BCG ta tarin fuka, tun shekarun 1970 ake ɗura ta a mafitsara don dajin mafitsara da bai yi zurfi ba, kuma har yau ana yi.

Inda maganin ya fi girgiza mu shi ne melanoma, wato baƙin dajin fata. A da idan ya bazu, yawancin marasa lafiya ba sa kai shekara. A 2024 aka fitar da sakamakon bibiyar shekara 10 na wani babban gwaji mai suna CheckMate 067: cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, kashi 43 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. Waɗanda suka samu nivolumab kaɗai, kashi 37. Duk wanda ya yi aikin daji kafin 2011 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Babba:
Sannu da ƙoƙari Likita, Allah ya saka. Kenan waɗannan ƙwayoyin ƙara garkuwar jiki da ake talla su ma hanya ɗaya ce? Wata ta kawo wa ƙanwata kwalabe, ta ce ta ajiye kemo ta riƙe su.

Lafiya Jari:
Hajiya ki min magana ta akwati, muna da haɗi na musamman mai tayar da garkuwar jiki, ya warkar da mutane da dama ba tare da zuwa asibiti ba.

Shugaban Zaure:
Lafiya Jari, dokar zaure ta hana talla. Na bar saƙonka ne don a amsa maka a gaban kowa, na gaba zan goge har da kai.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya, don Allah kada ƙanwarki ta ajiye kemo. Matsalar mai daji ba wai garkuwarsa ta yi kasala ba ce da za a ce a ƙara mata kuzari. Garkuwar tana nan, ƙarin ne ya san yadda yake ɗaure ta, kuma babu wata ƙwayar bitamin ko garin ganye da aka nuna tana kwance wannan ɗaurin. Su waɗannan magunguna na asibiti furotin ne da ake haɗawa a masana'anta, ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, galibi ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa. Da za ka haɗiye su ma ciki zai narkar da su. Duk wanda ya miƙo maka kwalba ya ce a sha cokali biyu safe da yamma wai imiyunoterafi ce, ka san da wa kake magana.

Sannan waɗannan haɗe-haɗen suna iya taɓa hanta. Ranar da gwajin hanta ya hau, likita ba zai san ko maganinsa ne ko na kwalba ba, ƙarshe a dakatar da maganin da ke aiki.

Ɗiyar Baba:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban taɓa rubutu ba. Mahaifinmu ne aka ce yana da dajin huhu mataki na 4, ya taɓa ƙashin baya. An ɗebi ɗan nama an tura gwaji, likitansa ya ce sai sakamako ya fito zai san ko za a ba shi wannan magani. Yayyena maza sun ce jan ƙafa ne kawai, a nemo maganin a fara tunda lokaci na tafiya. Baba bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa, yana tashi yana zagayawa, tari ne da ciwon baya suka fi damunsa. Likita me za ka ce?

Likitan Zaure:
Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ban gan shi ba, don haka likitansa ne mai magana ta ƙarshe, amma ki faɗa wa yayyenki abin da yake yi daidai ne, kuma maganar da kika yi cewa bai taɓa shan taba ba ita ce ta sa jiran ya ƙara muhimmanci.

Abu biyu ake nema a wannan nama. Na farko, ko ƙarin yana da wani canji na musamman a bayanan gadonsa, irin su EGFR ko ALK. An fi samun waɗannan a jikin waɗanda ba su sha taba ba. Idan akwai, to ba imiyunoterafi ce ta dace da shi ba, ƙwaya ce ta haɗiya da aka yi takanas don wannan canjin, misali osimertinib ga mai EGFR, kuma tana aiki da sauri fiye da yadda kuke zato. Masu irin wannan daji ba su cika amfana da pembrolizumab ba. Abin da ya fi haka, idan aka yi gaggawar ba da shi sannan aka dawo kan osimertinib, haɗarin kumburin huhu mai tsanani yana ƙaruwa. Kin ga gaggawar tana iya ɓata masa hanyar da ta fi.

Na biyu, yawan PD-L1. Za ki ga an rubuta shi da kaso. Idan ya kai kashi 50 ko fiye kuma babu waɗancan canje-canje, ana iya ba da pembrolizumab shi kaɗai. A gwajin KEYNOTE-024 na irin waɗannan marasa lafiya, bayan shekara 5 wajen kashi 32 cikin 100 na waɗanda suka fara da shi suna raye, waɗanda suka fara da kemo wajen kashi 16. Idan PD-L1 bai kai haka ba, yawanci haɗa shi ake yi da kemo. Wato ba kishiyoyi ba ne kamar yadda saƙon waya ke nunawa.

Cewa yana tashi yana zagayawa alheri ne babba, domin kusan duk waɗannan gwaje-gwaje a kan masu sauran ƙarfi aka yi su. Amma kada ku zauna jiran sakamako da ciwon bayan nan. Ku yi maganar gashi a wurin da maganin raɗaɗi tun yanzu. Idan kuma ƙafa ta fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a kai shi a ranar.

Ɗiyar Baba:
Na gode Likita, Allah ya ƙara basira. Zan tura wa Yaya wannan yadda yake.

Sai Na Gani:
Ranka ya daɗe Likita, ka iya jera lissafi, amma bari mu juya shi. Kashi 32 suna raye, ma'ana 68 sun tafi. Kuma waɗannan su ne zaɓaɓɓu, masu PD-L1 mai yawa, masu ƙarfi a jika. Ni ma na ɗan yi karatu. Akwai ƙiyasin da wasu masu bincike suka wallafa a Amurka a 2019, suka ce cikin masu dajin da ya yi nisa wajen kashi 44 ne suka cancanci irin wannan magani, waɗanda kuma ake sa ran ƙarinsu zai motsa ba su kai kashi 13 ba. Wannan shi ne ake ta buga wa ganga? Kamfanoni ne kawai suka samu hanyar tatsar mai neman rai.

Malamin Bayoloji:
To Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, fa? A watan Agusta 2015, yana da shekara 90, melanoma ta shiga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka ba shi irin wannan magani, zuwa Disamba ya ce hoto bai nuna komai ba. Sai a ƙarshen 2024 ya rasu yana da shekara 100. Tatsa ce wannan?

Sai Na Gani:
Mutum ɗaya, tsohon shugaban ƙasa, wanda aka yi wa tiyatar hanta aka yi masa gashi a ka haɗe da maganin. Kawo min wani.

Likitan Zaure:
Malam Sai Na Gani, alƙalumanka daidai ne, kuma a kan Carter ma kana da gaskiya, abu uku aka haɗa masa, ba a kafa hujja da mutum ɗaya. Inda muka rabu shi ne yadda kake karanta lissafin. Mafi yawan waɗanda aka ba ba sa amfana, wannan ina faɗa wa kowane majiyyaci kafin a sa allura. Sai dai wanda ya amfana, amfaninsa yakan daɗe. Da kemo kaɗai a daji mataki na 4, ƙari yakan ja baya wata kaɗan ya dawo. A nan kuwa akwai kason mutane da shekaru ke wucewa ba ya dawowa, wasu ma bayan an daina maganin, domin ƙwayoyin T suna riƙe kamannin abin da suka taɓa yaƙa. Daga 16 zuwa 32 a takarda kamar ba yawa, amma a cikin kowane mutum 100 akwai 16 da suke zaune da iyalansu waɗanda da babu su.

Abin da ya kamata ka yi faɗa a kai, kuma zan taya ka, shi ne ba da shi inda aka san ba ya aiki. Dajin fankiriyas, yawancin dajin furostet, dajin ƙwaƙwalwa irin giliyobilastoma, da dajin hanji wanda ba dMMR ba, an gwada an sake gwadawa, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Inda yake da gurbi: melanoma, huhu, ƙoda, mafitsara, kai da wuya, hanta, bakin mahaifa, wani nau'in dajin nono da ba ya jin maganin homon kuma ba shi da yawan wani furotin da ake kira HER2, da dajin kaluluwa na Hodgkin. A 2017 ma an amince a ba da pembrolizumab ga duk dajin da gwaji ya nuna MSI-H ko dMMR, ko a wace gaɓa yake, karo na farko kenan da aka yi wa maganin daji irin wannan izini.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Melanomar da aka fi gani a jikin masu baƙar fata ba ta rana ba ce, a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce take fitowa, kuma ba ta jin wannan magani kamar wadda aka fi samu a waɗancan gwaje-gwaje. Don haka kashi 43 ɗin nan ba a ɗauke shi a liƙa wa kowa.

Yayar Marigayi:
Ina karanta ku hawaye na zuba. Ƙanena dajin hanji ne ya tafi da shi. Lokacin da kemo ta daina aiki ya riga ya kwanta, ba ya iya zuwa banɗaki sai an riƙe shi, idonsa ya yi rawaya. Wani likita a wani asibiti mai zaman kansa ya ce akwai sabon magani, a gwada. Babu wanda ya ce mana akwai wani gwajin dMMR. Muka tattara abin da muke da shi da wanda ba mu da shi. Na tuna yadda muka ɗauko shi a kujerar baya da filo biyu, kowane rami a hanya sai ya cije leɓe, don a je a sa masa ruwan da minti 30 ya ƙare. Bai kai ga hoton farko ba. Ba na ja da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke cina shi ne makonnin ƙarshen nan a hanya da layin asibiti muka ƙarar da su, yana ta cewa a bar shi a gida.

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙuri 'yar uwa.

Likitan Zaure:
Allah ya gafarta masa, Yaya. Ku kun yi abin da duk mai ƙauna zai yi, nauyin bayani a kan wanda ya rubuta maganin yake. Wannan magani ba na ƙarshen tafiya ba ne. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin a ga tasirinsa, shi ya sa hoton farko sai wajen mako 9 zuwa 12. Mutumin da ya kwanta, hanta ta gaza, sau da yawa ba shi da wannan lokacin, garkuwar da ake son tasowa ma ta raunana. A irin wannan hali abin da ya fi masa amfani shi ne a kashe raɗaɗi da gaske, har da mofin idan ta kama, a kula da numfashi da barci da amai. Wannan ma magani ne, ba sallamawa ba ce, kuma ana iya fara shi tun ana kan sauran magunguna.

Abban 'Yan Biyu:
Ni kuma ta ɗaya gefen zan kawo. Maiɗakina dajin ƙoda ne da ya taɓa huhu, an haɗa mata magani biyu, kuma alhamdu lillahi hotuna suna ta kyau. Sumarta ba ta zube ba, tana zuwa aiki. Amma wanda ya ce muku ba shi da illa ƙarya yake. Ana cikin 'yan watannin farko gudawa ta kama ta. Muka ɗauka abin da ta ci ne, ta sha maganin tsayar da gudawa ta yi shiru don kada a dakatar mata da allura. Da dare ɗaya na ga tana dafa bango za ta banɗaki, leɓenta ya bushe, ga jini a bayan gida. Hanjinta ne ya kumbura. Sai da aka kwantar da ita aka yi ta ba ta sitiroyid, maganin kwantar da kumburi. Yanzu kuma kullum da safe sai ta sha ƙwayar tayirod, wato 'yar halittar nan da ke wuya mai fitar da homon, an ce mai yiwuwa har abada.

Sista Mai Aikin Dare:
Abban 'Yan Biyu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Allah ya ƙara mata lafiya. Jama'a ku riƙe wannan da kyau: garkuwar da aka sake ba ƙari kaɗai take gani ba, kowace gaɓa tana iya faɗa wa. Fata ta yi ƙuraje da ƙaiƙayi, wannan shi ya fi yawa. Hanji ya kumbura. Huhu ya kumbura, mutum ya fara busasshen tari da haki. Hanta. Tayirod ta yi sama ko ta yi ƙasa. Wani ma rana ɗaya ya wayi gari da ciwon suga irin mai buƙatar insulin, ƙishirwa da yawan fitsari. Na zuciya ba kasafai ake gani ba, amma idan ya zo yana kisa, don haka ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba abin a kwana da shi ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuwa a ɓoye: gajiya mai tsanani, jiri, rashin cin abinci, jini ya yi ƙasa. Kowa sai ya ce ai ciwon ne. Alhali wata ƙaramar halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa ko a saman ƙoda ta daina aiki, homon ɗin kotisol ya yi ƙasa a jiki, kuma ƙwaya ce 'yar ƙarama take gyara shi idan an gano.

Ƙa'idar da muke ba marasa lafiya: idan fita bayan gida ta ƙaru da sau 4 a rana a kan yadda ka saba, ko ka ga jini, ko ciki na murɗawa, kira mu, kada ka sha maganin tsayar da gudawa da kanka. Kuma duk asibitin da ka shiga, ko na ciwon haƙori ne, ka ce kana kan imiyunoterafi, ka riƙe sunan maganin a rubuce a aljihu. Likitan da bai sani ba zai ɗauka ciwon ciki ne na yau da kullum ko nimoniya, ya yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta, alhali sitiroyid ake buƙata. Illar tana iya fitowa ko bayan watanni da daina maganin.

Masu ɓoye mana don kada a tsayar da allura, ku ji: illar da aka kama da wuri sau da yawa hutu ake yi a ci gaba. Wadda aka bari ta yi tsanani ita ce ke sa a daina gaba ɗaya.

Likitan Zaure:
Sista ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: haɗa magani biyu ya fi ƙarfi kuma ya fi cizo. A gwajin melanomar da na ambata, sama da rabin waɗanda aka haɗa wa biyu sun samu illa mai tsanani, masu nivolumab kaɗai wajen ɗaya cikin biyar. Abban 'Yan Biyu, ko da an dakatar mata da allurar, ba lalle hakan ya rage mata komai ba, an ga mutane da yawa da aka tsayar wa magani saboda illa amma ƙarin ya ci gaba da zama shiru.

Ɗan Autan Zaure:
Yayye na, tambaya a gurguje. Kawuna dajin hanta gare shi kuma yana da ciwon hanta nau'in B. Zai iya karɓa? Sannan shi wancan da ake ɗibar jini a gyara a mayar fa?

Likitan Zaure:
Auta, tun 2020 ana haɗa atezolizumab da bevacizumab ga dajin hanta da ba ya yiwuwa a yanke. Ciwon hanta na B ba ya hanawa, amma sai an ɗora shi a kan maganin ƙwayar cutar, kuma sai hantar tana da sauran aiki mai kyau. Ana kuma leƙa maƙogwaro da ciki tukuna a ga ko akwai kumburarrun jijiyoyi, domin bevacizumab na iya sa su fashe. Masu ɗauke da HIV da ke shan magani ma ana ba su. Waɗanda ake taka-tsantsan da su sosai su ne wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, jiki na iya juya wa dashen baya, da mai ciwon da garkuwarsa dama take cin jikinsa, kamar lufus.

Na ɗibar jini shi ne CAR-T, an fara amincewa da shi a 2017. Ƙwayoyin T na mutum ake ɗiba a canza su a ɗakin gwaji a mayar. A dajin jini da na kaluluwa da na bargo yake da tasiri, ba na kawunka ba ne.

Sai Na Gani:
Duk na ji. Amma babu wanda ya taɓo tsada, kuma ita ce ke raba yawancin mutanen duniya da maganin tun kafin a zo maganar PD-L1. Na karanta cewa a Indiya sun ba da ɗan mitsitsi kuma ya yi aiki. To me ya sa ake ɗura wa mutane kwalba guda? Ba tatsar da na faɗa ba kenan?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Gwajin asibitin Tata Memorial na Mumbai kake nufi. Mutum 151 masu dajin kai da wuya da ya yi nisa, an ƙara wa wani ɓangare nivolumab miligiram 20 duk mako 3 a kan magungunan haɗiya da suke sha, alhali abin da aka saba shi ne 240 duk mako 2. Waɗanda suka kai shekara suka tashi daga kashi 16 zuwa 43. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma ni ma ina ganin an yi sakaci da tambayar mene ne mafi ƙarancin abin da ke wadatarwa, domin ba kamfani ne zai ɗauki nauyin binciken da zai rage masa ciniki ba. A nan ina tare da kai.

Amma lura, sun gwada ɗan kaɗan da babu ne, ba su gwada ɗan kaɗan da cikakke ba. Kuma nau'in daji ɗaya ne. Ba hujja ba ce mutum ya sayo kwalba ɗaya ya ce a raba masa gida goma a kan dajin huhu. Idan ƙarfi bai kai ba, a faɗa wa likita ƙarara tun kafin a fara, don a tsara abin da za a iya ɗorewa a kai. Pembrolizumab miligiram 200 ne duk mako 3 ko 400 duk mako 6, kuma idan yana aiki akan kai shekara 2. Wanda ya yi allura biyu kuɗi suka ƙare, ya ɗauki haɗarin illa bai kai ga ganin amfani ba. A tambaya kuma ko akwai gwajin bincike da ake ɗaukar mutane, ko shirin tallafi na kamfanin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab a jerin muhimman magunguna tun 2019 saboda melanoma, kuma babbar kariyar mallakar Keytruda a Amurka za ta fara ƙarewa a 2028, daga nan wasu kamfanoni za su iya fito da makamancinsa.

Sai Na Gani:
2028. Mai mataki na 4 yau ya jira 2028?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ba zai jira ba, kuma wannan gaggawar ce masu jabu ke ci da ita. An sha kama kwalaben bogi na waɗannan magunguna a ƙasashe daban-daban, kwali tsaf, lamba tsaf, ciki babu sinadarin. Wanda ya ce zai samo maka a rabin kuɗi ta bayan fage, ko na gaske ne ba ka san awa nawa ya yi a cikin zafi ba, kuma ruwa ne garai ba ka ganewa da ido. A bar kantin maganin asibitin da za a sa allurar ya samo, a rubuta lambar rukunin da ke jikin kwalbar a katin majiyyaci kowane zuwa.